Ƙirjin da Ke Rataye a Taga

Ranar Talata da hantsi ƙafar zalɓen Nehemiya ta karye. Ba zalɓen bakin rafi nake nufi ba, wanda ke tsaye da ƙafa ɗaya a kan ƙwallo a ƙirjin rigunan 'yan wasan Mayo Gwoi nake nufi. Shekara biyar ke nan tsuntsun yana fitowa daga sitansil guda ɗaya, wato baƙar leda mai kauri da aka huda siffarsa a jikinta. A shimfiɗa ta a kan jesi, a dangwalo farin fenti da soso a daddanna, a ɗaga, sai ga zalɓe. Nehemiya ya buga riga uku lafiya lau. Yana ɗaga ledar daga kan ta huɗu sai ya ji ƙas, siririn zirin da ke tsakanin ƙafar da ke tsaye da wadda tsuntsun ya naɗe ya ɓalle, fenti ya malale, zalɓe ya fito kamar an sa masa takalmin ruwa. Saura riga goma sha huɗu, wasan ƙarshe na cin kofi kuwa ran Asabar ne.

Ya liƙa salatif, fenti ya jiƙa shi ya ɗago. Ya yanka sabo a jikin kwali, riga biyu kawai ya buga kwalin ya sha fenti ya yi laushi kamar burodi a shayi. Bai yi mamaki ba. Duk mai wannan sana'a a Jalingo ya san abu ɗaya ne ke yin sitansil na kirki, tsohon hoton ƙashi na asibiti. Ba ya shan fenti, reza tana bin sa yadda kake so, in ya yi datti ka wanke da kananzir ka rataye. Nehemiya ya jawo akwatin da yake ajiye su, ya zazzage a ƙasa. Guntaye ne kawai, babu ko ɗaya da ya kai tafin hannu.

Guda ɗaya tak ya rage a shagon wanda reza ba ta taɓa ba, kuma Nehemiya ya san inda yake ba sai ya ɗaga kai ba. Yana rataye a ƙusa a tagar yamma, hoton ƙirjin matarsa Keziah, wadda ta rasu shekara huɗu da rabi da suka wuce.

Shi ke nan hotonta da yake da shi a duniya. Na ranar aurensu mai hoton ya dawo ya ce ya ƙone. Akwai wani na zumuntar mata da aka ɗauka a bakin coci, amma daidai lokacin da aka danna ta juya tana yi wa wata magana, ɗankwali da kunne ɗaya kawai suka fito. Mutane kan ce masa, kai da kake mai zane, ka zana ta mana. Ya gwada ya fi sau ashirin. Shi mutumin haruffa ne, in ya zana fuska sai ta fito irin ta allon shagon aski, goshi sumul, ido ƙuru. Da ya ga yana neman ɓata ɗan abin da ya rage masa na kamanninta a ka, sai ya daina. Ya ciro hoton ƙirjin daga ambulan ɗinsa ya rataye. Kowace la'asar rana kan bi ta cikinsa, haƙarƙari su fito farare tas, shi kuma ya zauna a kan benci da kofin shayinsa yana ba ta labarin wuni: wa ya zo, wa ya ce a rubuta masa me, wane allo ne iska ta kayar a hanyar kasuwa. Ba su haihu ba. Danginsa suna can ƙauye, ba ya zuwa sai Kirsimeti, in ya je ma kwana biyu ya gaji da tambayar yaushe zai sake aure.

Keziah ce ta yanka zalɓen. A aikin nan shi ke zanawa, ita ke yankawa, don hannunta ba ya rawa. A shekarar casa'in da ɗaya ne, lokacin da aka ba da sabuwar jiha Jalingo ta wayi gari babban birni. Kai, Nehemiya bai taɓa ganin aiki irin na wannan shekara ba. Duk allon da ke ɗauke da Gongola sai an shafe an rubuta Taraba, na ofis, na makaranta, na jikin mota, har na masu sayar da magani. Wuni yake yi a kan tsani da buroshi a hannu. A cikin wannan hada-hada George, kocin 'yan Mayo Gwoi, ya zo neman tambarin ƙungiya, wai zaki yake so. Nehemiya ya ce masa daga nan har Wukari kowace ƙungiya zaki gare ta, kuma duk sun yi kama da kyanwa mai jin yunwa. Ya zana masa zalɓe irin waɗanda ke tsayawa a rafinsu. George ya yi ta ƙunƙuni, amma da rigunan suka fito bakinsa ya ƙi rufuwa.

Nehemiya mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa. Launi ba ya wuce uku. Lambar bayan riga, in wanda ke ɗaya gefen fili bai karanta ta ba, to ba lamba ba ce. Harafi kuma a bar masa wurin shan iska, kada a cusa su kamar fasinjojin motar Zing ran kasuwa. Yanzu wa ke sauraron wannan? Wani ya buɗe shago a bakin babban titi da na'urar kwamfuta, yana fitar da fosta mai launi bakwai, kowane harafi da inuwarsa, wani ma da wuta tana ci a kansa. Mutane suka koma can ɗaya bayan ɗaya. Allunan da Nehemiya ya rubuta an sauke su an sa na roba. Cikin duk abin da hannun Keziah ya yanka, zalɓen nan kaɗai ya rage yana yawo a gari.

Da azahar George ya iso a kan babur, da usur a wuya kamar da shi aka haife shi. Ya ɗaga rigar da ta ɓaci, ya dube ta, ya dubi Nehemiya.

"Oga Nehemiya, wannan tsuntsu ne ko ɗan kwana-kwana?"

"Sitansil ya karye. Fim ɗin hoton ƙashi ya ƙare mini. Gobe zan je asibiti in nemo."

"Gobe? Fainal ne fa, Oga. Ciyaman zai zo, mutanen rediyo zai zo." George ya waiga yana dube-dube, idonsa ya sauka a taga. Ya miƙa hannu. "To wannan fa? Ga babba nan yana hutawa."

"Kar ka taɓa."

Yadda muryar ta fito ya sa hannun George ya tsaya a iska. Ya san labarin, ya manta ne kawai. Ya sosa ƙeya.

"Yi haƙuri, Oga. Amma ni ma yara sun dame ni. Sun ce mutumin kwamfuta zai buga musu zaki mai kambi a wuni ɗaya, da suna a baya. Ni ne na ce a'a, zalɓe namu ne. In Juma'a da yamma babu riga, ba zan iya riƙe su ba. Kuma ka san in sun tafi can ba zai dawo ba."

"Na ji."

Bayan tafiyarsa Nehemiya ya zauna ya yi tagumi. In ya yanka hoton, ya rasa abin da yake kallo ya ce ga ta. In bai yanka ba, zalɓenta ya fita daga gari. Duk ta inda ya juya Keziah ce za a rage masa. Da la'asar ta yi, rana ta shigo ta cikin haƙarƙarin kamar kullum, ya buɗe baki zai ba ta labari sai ya ji kunya, kamar wanda aka kama yana taya akuyar gida a ɓoye. Ranar shayin ma bai sha ba.

Washegari ya hau kekensa daga Kachalla Sembe ya nufi asibiti. Wadda ke ba shi tsofaffin hotuna Cecilia ce, babbar mace mai faɗin kafaɗa, shekara ashirin tana wanke hoton ƙashi a ɗakin duhu. Tare suke zumuntar mata da Keziah a da. Tun rasuwar kuwa ba ta taɓa yi masa fara'a ba. Za ta miƙo masa ɗaurin hotuna ba tare da ta dubi fuskarsa ba, in ya yi godiya ta ce "to" ta juya. Ya ɗauka halinta ne.

"Babu," ta ce, tun kafin ya gama gaisuwa. "Wasu mutane ya zo daga kudu da mota, sun kwashe duka. Wai suna cire azurfa a ciki. Ko na yatsa ba su bari ba."

"Mama Cecilia, ko guda ɗaya ne. Na ƙirji ko na cinya, mai faɗi."

"Na ce maka babu. In ƙirƙiro ne?"

Ya tsaya yana murza hularsa. Bai saba roƙo ba, shi ya sa abin ya fito masa a karkace. Ya ce mata zalɓen ya karye, na Keziah, wanda ta yanka da hannunta. Da ta ji sunan sai ta ɗago ta dube shi, karo na farko cikin shekaru. Ta ce za ta duba bayan kabad, in ta samu za ta biyo da shi gobe, ai hanyarta ce ta zuwa Abbare.

Ranar Alhamis da azahar ta zo, lema a hannu, tana haki. Abin da ta samo hoton tafin ƙafar jariri ne, ko kan zalɓen ba zai ɗauka ba. Ta ajiye a kan tebur, ta ƙi zama. Tana juyawa za ta fita idonta ya faɗa a taga, kuma wanda ya shekara ashirin yana ɗaga irin wannan abu ga haske ba ya wuce shi bai duba ba.

"Ga babba nan kana wahalar da ni. Na wane ne?"

"Na Keziah ne."

Ta matsa kusa. Ta karkata kai. Ta ciro tabarau daga jaka ta sa.

"Wannan ba mace ba ne."

Nehemiya ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mama, nata ne. Ga ambulan ɗin can da sunanta."

"Kawo."

Ya ɗauko daga cikin Littafi Mai Tsarki inda yake ajiye shi a ninke. Ta duba lambar da aka rubuta a ƙarƙashin sunan, 2068. Ta sa yatsa a kusurwar hoton ta ƙasa, inda wasu ƙananan fararen lambobi suke, waɗanda Nehemiya ya gani sau dubu bai taɓa karantawa ba. 1931.

"Ka gani? Ambulan nata ne, hoto ba nata ba. Wannan ƙaton namiji ne, dubi kafaɗa. Ya taɓa karya ƙashin wuya ma, ga wurin da ya haɗe. Huhu kuma fes, ko tabo babu." Ta cire tabarau. "Na Keziah ni na wanke da hannuna. Sama ta dama duk ya yi fari kamar an zuba koko. Likita ya ce a kwantar da shi ranan nan, a fara allura. Keziah ya ce bari ya je gida ya gaya wa maigida. Bai dawo ba."

Nehemiya ya nemi benci da hannu ya zauna.

Ranar ta dawo masa tsaf. Watan Satumba ne, Keziah ta yi wata biyu tana tari, ya ce ta je asibiti, shi bai raka ta ba don yana kan tsani a wata ma'aikata yana shafe Gongola. Da yamma ya tarar da ita a kan tabarma tana yanka haruffa. Ta ce likita ya ce sanyi ne kawai ya sauka mata a ƙirji, ta miƙo masa ambulan. Ya kai wa maƙwabcinsu Job mai kemis, Job ya ɗaga ga haske ya ce ai wannan ƙirji ya fi nasa lafiya. Nehemiya ya sayo mata maganin tari mai zaƙi ya koma kan tsaninsa da farin ciki. Da ta faɗi a makon Ista ya kwashe ta zuwa asibiti, aka ce sun makara, kwana uku ta cika. Shekara huɗu da rabi yana kallon farin haƙarƙarin nan yana tambayar Ubangiji yadda ƙirji mai kyau haka zai lalace cikin wata bakwai.

Akwatin tsofaffin hotuna kuwa a gefen tabarmarta yake zama. Ba sai an faɗa masa ba, daga ciki ta zaro na wani ta sa a ambulan ɗinta.

"Ba ka sani ba?" Muryar Cecilia ta sauka. "Yesu. Ni fa duk shekarun nan ina riƙe da kai a zuciya. Na ce wane irin mutum ne zai ga wannan hoto ya bar mace yana shaƙan fenti da kananzir saboda aikin allo."

"Ban sani ba."

"Keziah ya san in ka gani za ka sauka daga tsani. Kullum a zumunta yana cewa Nehemiya ya jira wannan aiki shekara goma sha biyar." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Ya gyaɗa kai kawai. Ta ɗauki lemarta. A bakin ƙofa ya tsayar da ita.

"Mama, to nata yana ina?"

"Ni zan sani? Kai ka san abin da matanka yake yi da hoto."

Ya sani kuwa. Keziah ba ta taɓa zubar da fim ba, ko guntu ne sai ta fitar da waƙafi a jikinsa.

Ya zuba kananzir a babban daro, ya sauko da duk sitansil ɗin da ke rataye a igiya, lambobi daga sifili zuwa tara, manya da ƙanana, da haruffa jeri biyu. Kowanne ya yi ɓawon fenti, fari a kan ja, ja a kan shuɗi. Ya jiƙa su, ya riƙa kankare kusurwa da bayan reza yana ɗagawa ga haske. Ga gwiwar wani a cikin lamba bakwai. Ga ƙoƙon kan wani a cikin harafin T, wanda ya rubuta Taraba ya fi sau ɗari. Wasu an datse musu kusurwa, babu lamba sam. Yatsunsa suka yi fari suka yamutse, warin kananzir ya sa masa ciwon kai, bai tsaya ba. Yana yi yana faɗa, shi kaɗai a shago, yana ce mata maƙaryaciya, yana ce mata wa ya aike ki, allon banza ne ya fi ki? Rabonsa da ya yi fushi da ita haka tun tana raye, kuma fushin ma daɗi ya yi masa, don ya fi shirun da ya saba.

Igiya ta ƙare bai ga 2068 ba. Saura ɗaya, kuma tun farko ya san saura ɗayan, kewaye shi kawai yake yi. Zalɓen yana gefen tebur inda ya jefar da shi ran Talata, da guntun salatif a ƙafa.

Fentin kansa ya fi na kowa kauri, na shekara biyar. Ya jiƙa shi ya jira. Ya sa tsumma yana gogawa a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Kusurwar hagu babu komai. A ta dama fararen lambobi suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, biyu, sifili, shida, takwas.

Bai tsaya nan ba, ya wanke shi duka, gaba da baya, har ledar ta koma baƙa mai sheƙi. Sannan ya ɗaga ta ga taga.

Ƙaramin ƙirji ne, kafaɗu 'yan sirara, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, yadda take tsayawa in ta gaji. Wannan kam ya gane ta, ba ya bukatar Cecilia. Ya nemi farin da aka ce ya cika sama ta dama, bai gan shi ba, sai ɗan hazo-hazo a gefe. Ya ɗauki lokaci kafin ya fahimci dalili. A daidai wurin ta ɗora jikin tsuntsun. Shi da ya zana zalɓen a takarda ya tuna har ya yi mata ƙorafi, ya ce me ya sa ba ta sa shi a tsakiyar fim ba, ta kai shi can gefe tana ɓarnar wuri. Ta ce masa ya bar ta da aikinta. Ashe ciwon ta bi da reza ta yanke, ta fitar da shi ta zubar, ta bar rami mai siffar tsuntsu. Shi kuma shekara biyar yana danna soso a cikin ramin yana fito.

Ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da ƙafar tebur, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, don ranar akwai mutane. Yau ba kowa, sai kajin maƙwabta da ke leƙowa ta ƙofa.

Da safiyar Juma'a ya sauko da hoton da ke taga. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallon ƙaton ƙirjin nan da karyayyen ƙashin wuyansa. Ko wane ne, ko yana raye ko ya mutu, mutumin nan ya ji abin da ba wanda ya ji a Jalingo. Ya ji labarin ranar da Nehemiya ya kwana biyu bai ci abinci ba, ya ji waƙoƙin coci da muryar da ba ta da daɗi, har "matata" an kira shi bai yi gardama ba.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji Nehemiya. "Na gode da zama."

Ya shimfiɗa shi a kan gilashi, ya ɗora na Keziah a sama, ya bi siffar da farin fensir, sannan ya ɗauke nata ya ajiye can nesa da fenti. Ya sa sabuwar reza. Jikin tsuntsun bai ba shi wahala ba, haka wuya da baki da ƙwallo. A ƙafa ne hannunsa ya fara rawa. Sau uku yana ajiye reza yana yarfe yatsu. Daga ƙarshe ya bar zirin da ɗan faɗi don kada ya tsinke, ya buɗa ƙafar kaɗan don ta daidaita. Kafin la'asar riguna goma sha takwas suna shanye a igiya, har da wadda ta ɓaci, ya wanke ta ya sake bugawa.

George ya zo ya ƙirga su yana murna, ya ɗaga ɗaya ya ƙura mata ido.

"Oga, tsuntsun nan ya ci abinci ne? Ƙafa ya yi kauri."

"Ya yi."

"Ba komai, daga nesa ba wanda zai gani." Ya ɗaure su a bayan babur, sai ya lura da ƙusar da ke taga babu komai a kanta. Ya dubi Nehemiya, ya dubi rigunan, fuskarsa ta canja. "Oga, ba dai ka yanka Madam ba?"

"A'a. Wani ne."

George bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce lallai gobe ya zo fili, zai ajiye masa kujera kusa da ciyaman. Nehemiya ya ce to.

Bai je ba. Ran Asabar unguwa ta watse, kowa ya tafi kallo, har Job ya rufe kemis. Nehemiya ya share shago, ya dafa shayi, ya ɗauko zalɓen Keziah ya rataye a ƙusar taga. Da rana ta karkato ta bi ta cikin ƙananan haƙarƙarin da kyar, amma ta ramin ta wuce gaba ɗaya, ta zana farin tsuntsu a kan siminti kusa da ƙafarsa, da karyayyar ƙafa da komai. Daga can wajen fili iska tana kawo ihun mutane, ya tashi ya kwanta.

Ya zauna a benci da kofinsa. Shekara huɗu da rabi bakinsa bai taɓa rasa abin faɗa wa tagar nan ba, yau da ita ce da kanta a wurin sai ya rasa ta inda zai fara. Yana so ya ce da kin gaya mini, amma ya san amsar, kuma ya san da ta gaya masa da ya sauka daga tsanin, abin da ta ƙi ke nan. Kewarta ta taso masa sabuwa fil, kamar jiya aka binne ta.

"Keziah," ya ce, "na yanka sabo. Ƙafar ta yi kauri."

Ya saurara, don a da irin wannan magana ce ke sa ta dariya har tari ya sarƙe ta. Daga fili aka sake ɓarkewa da ihu mai tsawo, an ci ƙwallo ke nan, bai san ko su wa suka ci ba. Ya janye ƙafarsa kaɗan don kada ya taka tsuntsun, ya ci gaba da shan shayinsa da ya riga ya huce.